Katunan Satumba na Doña Ercilia

Doña Ercilia Roldán ta shekara ashirin da takwas tana huda katin na'urar lissafi a ofishinmu na birnin Rosario, kuma iyakar sanina ba ta taɓa huda inda bai dace ba. Amma a cikin fayil ɗinta akwai wasiƙa mai layi shida da ta ce sakacinta ne ya ɗora jirgin lemo a kan yashi cikin Satumbar 1970. Ba ni na rubuta wasiƙar ba. Ina dai zaune a ɗakin lokacin da aka yanke shawarar rubuta ta, an yi mini tambaya guda, na kuwa amsa.

An haife ta a wani ƙauye a gaɓar kogin Paraná, ƙasa da garin Goya. Ubanta, Don Cirilo Ayala, shi ne mai karanta ma'aunin ruwa na wurin. Ma'aunin ba komai ba ne illa dogon katako da aka kafa a bakin kogi aka zana masa lambobi. Kullum ƙarfe bakwai na safe yakan gangara ya ga inda ruwa ya kwana, ya rubuta a littafi, ya buga tangaraho zuwa birni. Wanda ya kafa katakon tun zamanin kakanni ya sa sifili a inda yake ganin kogin ba zai taɓa sauka ƙasa da nan ba. Kogin kuwa ba a shawarce shi ba. A shekarun fari, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa yakan janye ya bar sifili a sama, sai a koma ƙirga zuwa ƙasa: santimita arba'in ƙasa da sifili, sittin ƙasa da sifili. Irin waɗannan ranaku Don Cirilo da jar tawada yake rubuta su, kuma 'yarsa ce ke riƙe masa kwalbar tawadar.

Tana da shekara goma sha tara ta biyo jirgin katako zuwa Rosario, ta sami aiki a ofishin ƙungiyar masu jiragen kogi. Aikin ofishin guda ne. A tara abin da masu karanta ma'auni suka aiko daga tashoshi arba'in da 'yan kai, a huda shi a kati, sannan duk shekara a fitar da Littafin Ruwa, wanda ke gaya wa mai jirgi zurfin da zai sa ran samu a kowane yanki na kogin a kowane mako. Da wannan littafi ake yanke yawan kayan da za a loda wa jirgi. Ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rasu bayan shekara bakwai, ya bar mata sunansa da 'ya mace da gida mai ɗaki biyu a unguwar Arroyito. Sa'ad da na zo, ita ce shugabar ɗakin huda, mata shida a ƙarƙashinta. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kuma takan ɗaga kati ta karanta hudojinsa da ido kamar mai duba jarida.

Ni kuwa, Dardo Bertolino, tare da sabuwar kwamfuta aka kawo ni. Shekarata ashirin da shida, na yi kwas na mako shida a Buenos Aires, ina da takardar shaida mai hatimi da laktaye uku. Ni ba injiniya ba ne, amma matan ɗakin huda suka sa mini suna Injiniya, ban kuma ga dalilin gyara musu ba. Sai da na yi wata biyu kafin na gane ba girmamawa ba ce.

Tsohuwar kwamfutar ofishin, matan suna ce mata Gwaggo. Tun 1961 take nan. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaukar lambobi, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa, kuma da ta ci karo da abin da ba ta gane ba sai ta tsaya cik ta kunna jar fitila, ba za ta motsa ba sai mutum ya zo ya yi mata bayani. Sabuwar daga kamfanin da ke gasa da masu Gwaggo ta fito. Ita a dunƙule take haɗiyar lambobi, loma loma, ba ta kuma san tsayawa ba. Aka share mata ɗaki, aka yi fenti, aka ɗaga daɓe, aka sa na'urar sanyaya iska, alhali mata bakwai na raba fanka guda. Saboda wannan gata Pocha, wadda ta fi kowa baki a ɗakin huda, ta raɗa mata Ango, sunan kuwa ya bi ta har muka koma ce mata shi.

Gwaggo da Ango ba sa jin maganar juna. Faifan tef na wannan shirme ne a wurin wancan. Umarnin da aka rubuta wa Gwaggo cikin shekara tara, dole aka zubar da shi aka sake rubutawa, aikin da aka ɗauke ni dominsa ke nan. Ko jera sunaye ba su yi iri ɗaya: ita haruffa take sawa gaban lambobi, shi lambobi gaban haruffa. Duk wannan mun san shi, da yake kuma mun san shi bai cuce mu ba. Abu ɗaya ne nasu ya zo daidai, shi ne kati. Girma ɗaya, gurbi tamanin, huda mai kusurwa huɗu. Wakilin kamfani, wani mai yawan turare, ya nanata wa darakta wannan har sau uku: katunanku na shekara ashirin da takwas za su shiga sumul. Bai yi ƙarya ba. Sun shiga sumul.

Ranar da na gama gwaji na shiga ɗakin huda riƙe da takardar sakamako. Ƙarfe goma ne, lokacin shan mate, shayin ganyen da ake zuƙa daga ƙoƙo ɗaya, ƙoƙon yana zagawa daga hannun Doña Ercilia.

"Yau Injiniya da fara'a," in ji Pocha. "Ango ya ci ya ƙoshi ke nan?"

"Kati ɗari biyar na ba shi," na ce. "Ɗari biyar ɗin nan ya karanta daidai da Gwaggo. Ko ɗigo bai bambanta ba."

Doña Ercilia ta cika ƙoƙon da ruwan zafi ta miƙo mini. "Na wane wata?"

"Maris."

"Ɗana, a Maris ko akuya ka aika za ta karanta kogin nan daidai. Ruwa har wuya. Ka ba shi na Satumba."

"Kati ai kati ne, Doña Ercilia."

"Na Satumba suna da hula."

Hula ita ce jar tawadar ɗakin huda. Katin a matse yake, ga lambar tasha, ga kwanan wata, ga tsayin ruwa, ba a bar wa alamar ƙasa da sifili gurbinta ba. Sai aka saba, tun kafin Gwaggo, a ƙara huda guda can sama, daidai kan lambar farko ta tsayin ruwa. Lamba mai hula tana nufin ƙasa da sifili. Gwaggo da haka ta tashi, nan take dubawa.

"Ango ya san da wannan," na ce. "Yana cikin littafinsa, shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu."

"A kan wace lamba yake neman hular?"

"Inda ake sa ta mana."

"Inda wa yake sa ta?"

"Haba Doña, ki ƙyale shi," in ji Pocha. "Da Ingilishi aka rubuta littafin nan, ke ina kika ji Ingilishi?"

"Shi ɗin fa?" wata ta jefo daga bayan ɗaki, aka kwashe da dariya.

Ni ma na yi dariyar, na zuƙe maten, na miƙa ƙoƙon na fita. Shafin ɗari biyu da goma sha huɗu, kansa na karanta, wato layin farko mai manyan baƙaƙe. Akwatunan Satumba kuwa suna can saman kanta a ɗakin ajiya, sai da tsani, tsanin yana hannun masu fenti. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsani ne ya hana ni. Masu fenti sun dawo da shi bayan kwana biyu. Gaskiyar maganar, macen da ta tsaya a firamare ce ta ba ni umarni a gaban mata shida, ni mai hatimi.

Na sa hannu a takarda cewa Ango yana karanta katunanmu ba tangarɗa. Doña Ercilia ta je wurin darakta, Injiniya Vignolo, wanda shi injiniyan gaske ne, ta roƙa a bar Gwaggo zuwa Oktoba, a haɗa su aiki ɗaya a ga ko bakinsu zai zo ɗaya a watannin janyewar ruwa. Ya gode mata, ya ce ana bukatar ɗakin. A watan Yuni maza takwas suka fitar da Gwaggo ta taga, gunduwa gunduwa. Ita kaɗai ce shaidar da za ta iya ƙaryata ni, aka kuwa kai ta wurin masu gwangwan.

Littafin Ruwa ya fito a Yuli da bango mai sheƙi. Injiniya Vignolo ya rubuta gabatarwa, inda ya bayyana cewa lissafin zamani ya nuna kogin ya fi zurfi a ƙarshen hunturu fiye da yadda magabata suka ɗauka. Doña Ercilia ta karanta shafi biyu ta zo teburina.

"Wannan ruwan daga ina kuka samo shi?"

"Ango ya fi Gwaggo iya haɗa shekaru, Doña."

"To, Allah ya sa jirage su ji labari," ta ce, ta koma wurin zamanta.

Ranar sha ɗaya ga Satumba jirgin Don Telmo Insaurralde, cike da lemon garin Bella Vista, ya hau tudun yashi ƙasa da garin Esquina, a wurin da littafinmu ya yi alkawarin ruwa ya wadata. Don Telmo, matuƙin jirgin, ya shekara talatin a kogin, ya ce wa mai jirgin lodin ya yi yawa, mai jirgin ya buɗe masa shafin ya nuna masa da yatsa. Kwana tara suka yi a kan yashin. Mutanen ƙauyukan gaɓa sun sha lemo har ya gundure su, sauran ya ruɓe, aka zuba wa kifi. An ce warin ya kai gari biyu.

Ran Talata Don Telmo ya shigo ofis da buhu a kafaɗa. Ya wuce mai gadi, ya juye ruɓaɓɓen lemo a kan teburin darakta.

"Ga rabonku. Wane ɗan banza ne ya auna mini ruwan nan? A bahon wankansa ya auna?"

Injiniya Vignolo ya dube ni. Na ce abin da aka koya mana a makon farko na kwas: na'ura ba ta kuskure, abin da aka ba ta take ci. Don Telmo ya tambayi wa ke ba ta. Aka nuna masa ƙofar ɗakin huda.

Ya tsaya a bakin ƙofar yana huci, sai ya ƙura mata ido.

"Ke ba 'yar Cirilo ba ce? Ta Cirilo Ayala?"

"Ni ce, Don Telmo."

"Ubanki shekara talatin bai taɓa yi wa jirgi ƙaryar taƙi ɗaya ba. Ko yana zazzaɓi sai ya gangara. Gara da ya mutu bai ga wannan ba."

Ta ci gaba da kallonsa har ya juya ya fita. Daga ranar labarin ya bi kogin sama da ƙasa, cewa 'yar Cirilo ta ɗora Telmo a kan yashi. A wurinta babu abin da ya kai wannan zafi, don duk mutanen da take ganin girmansu a duniya a bakin kogin nan suke.

Kashegari na ɗauko tsani. Na sauko da akwatin Satumba, na buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu, a wannan karon na karanta har ƙasa. Ango a kan lambar ƙarshe yake neman hula. Duk hudar da ya gani a saman sauran lambobi, zubar da ita yake yi ya wuce, ba fitila, ba ƙorafi. Sittin ƙasa da sifili ya zama sittin sama da sifili, an ƙara wa kogi mita ɗaya da santimita ashirin na ruwan da Allah bai saukar ba. Gwargwadon tsananin farin shekara, gwargwadon ruwan da Ango ya gani. Minti ashirin wannan binciken ya ɗauke ni, har da hawa da saukar tsani. Layi ɗaya a cikin umarnin da na rubuta ya isa ya gyara komai. Na mayar da akwatin, na kakkaɓe rigata.

Ina da Laraba da Alhamis kafin zaman da aka sa ran Juma'a. Na yi amfani da su wajen shirya jawabi mai kyau, na amsa laifi, wanda har ni da kaina ya burge ni.

Mu huɗu ne a zaman: darakta, wakilin kamfani, ni, da Doña Ercilia. Ta shigo da damin kati a hannu, na ƙasa da sifili na Satumbar 1949. Wakilin ya fara magana. Ya ce na'urarsu tana bin ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, ya zare kati ɗaya ya nuna wa darakta saman lambar ƙarshe. Babu huda.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Ba a sa alamar ba."

"An sa," in ji Doña Ercilia. Ta daidaita damin a kan tebur, ta ɗaga shi saitin taga. "Yallaɓai, matso ka leƙa nan. Kati ɗari uku ne, duk na ƙasa da sifili. Hasken rana yana ratsa su ta huda ɗaya tun daga na farko har na ƙarshe. Da na tsallake ko guda, da ba ka ga haske ba."

Daga inda nake zaune ina ganin ɗigon hasken a kan yatsanta. Injiniya Vignolo bai taso ba.

"Doña Ercilia, ba duba muka zo yi ba. Huda a inda ba a nemanta, ai daidai take da babu."

"Lokacin da na huda su, yallaɓai, wannan ƙa'idar tasu ko cikinta ba a ɗauka ba. Kuma na faɗa. Na ce a gwada na Satumba, na ce a duba hula."

"Wa kika gaya wa?"

"Ga shi nan zaune."

Darakta ya juyo. Mutum ne mai son a gama zama kafin abincin rana, kuma shi ya zaɓi Ango, shi ya rubuta gabatarwa. Ya yi mini tambayar a hankali, kamar mai miƙo wa mutum kujera.

"Bertolino, an yi maka wannan gargaɗin?"

Jawabina yana aljihuna, shafi ɗaya da rabi.

"Ban tuna ba, ranka ya daɗe," na ce.

Ta sauke damin, ta buga gefensa a tebur har ya daidaita, ta ɗaure shi da roba. Ba ta dube ni ba. Da ma ta dube ni.

Pocha da sauran sun ce za su ba da shaida. Doña Ercilia ta hana su, ta ce kowacce tana da bakin da take ciyarwa. Wasiƙar ta fito ran Litinin. Aka cire ta daga shugabancin ɗakin huda, aka ba ta tebur kusa da matakala tana rubuta adireshi a bayan ambulan. Da yake hukuma ta tabbatar katunan ne ba daidai ba, katunan aka gyara. Layin nan guda ban rubuta shi ba, don rubuta shi amsa laifi ne. Mata shida suka yi wata biyar suna zaƙulo duk katin ƙasa da sifili na shekara ashirin da takwas suna ƙara masa huda a kan lambar ƙarshe. Ni aka sa na duba aikin, an kuma yaba da yadda na tsaya a kansa. Littafin 1971 ya fito daidai, kogin ya koma zurfinsa na da, aka yi mini ƙarin girma.

A wata biyar ɗin nan ba wadda ta sake ce mini Injiniya. Señor Bertolino suke cewa, cikin ladabi. Kullum sai na wuce teburin ambulan sau huɗu, don matakalar guda ce. Kullum sai ta ce, "Barka da asuba, ɗana," ni kuma na amsa wa takalmana.

Ta cika shekara talatin a ofis a 1972 ta ajiye aiki. Aka yi mata ɗan taro da burodi da nama, aka ce ni zan yi magana a madadin ɓangaren na'ura. Na tashi da niyyar faɗin gaskiya. Na ce Doña Ercilia uwa ce a gare mu duka. Aka tafa.

Bayan shekara tara na zama darakta. Vignolo ya rasu, Ango ma an fitar da shi ta tagar da Gwaggo ta bi, an kawo wani wanda ba ya jin maganar kowannensu. Da na tabbata babu sauran mai iya taɓa ni, sai jaruntaka ta zo mini. Na rubuta wasiƙa mai shafi biyu a takardar ofis, na bayyana komai, hula da tsani da shafin da ban karanta ba, na sa hannu, na buga hatimi. Na sa kofi ɗaya a fayil ɗinta, ɗaya na kai mata Arroyito wata Asabar da hantsi.

Na same ta a tsakar gida tana ɓare wake, jikarta na makaranta. Ta share hannu ta karanta wasiƙar har ƙarshe, ba gaggawa.

"Ka iya rubutu," ta ce. "Wa zai karanta?"

"Tana cikin fayil ɗinki, Doña Ercilia."

"Fayil. Ni a fayil aka kunyata ni? Ɓeraye ne kaɗai ke buɗe fayil ɗin nan." Ta ninke takardar ta miƙo mini. "Ka san tun ranar Laraba, ko? Na ga ƙura a gwiwar wandonka."

Na ce eh.

"To. Ni ba na bukatar a gaya mini abin da na sani. Telmo yana nan da rai. Kullum da rana yana shagon kofi na bakin tashar jirage, wurin 'yan karta. Shi ya ambaci ubana. Je ka gaya masa da bakinka, ka dawo ka gaya mini abin da ya ce."

"Yau?"

"A'a, ɗana, ka bari sai bayan wata shekara goma sha ɗayan."

Na tafi. Shagon cike yake da tsofaffin matuƙa da masu lodi, tebur shida, ana ta karta. Don Telmo yana lungu, ya rame, hula har kunne, ba a ba shi karta, kallo kawai yake yi. Na ja kujera na gabatar da kaina cikin murya ta mutunci.

"Sai ka ɗaga murya, malam," in ji na kusa da shi. "Injin jirgi ya cinye masa kunne. Ka yi kamar kana kiran wanda ke wancan ƙetaren."

Na ɗaga. Na ce game da jirgin lemo ne na 1970.

"Lemo?" in ji Don Telmo. "Ba na shan lemo."

Aka fara ajiye karta. Na miƙe tsaye, na sunkuya saitin kunnensa, na kwarara ihu, da laktaye da komai, cewa ni ne, Dardo Bertolino, darakta, ni na ɗora shi a kan yashi. Cewa an gargaɗe ni na ƙi ji. Cewa na gano gaskiya na ɓoye, aka tambaye ni na ce ban tuna ba, na bar mace ta ɗauki laifina shekara goma sha ɗaya. Cewa 'yar Cirilo Ayala ba ta taɓa kuskuren huda ɗaya ba. Har mai kawo kofi ya tsaya da faranti a hannu. Wani daga teburin ƙofa ya ce, "Kai, amma wannan ɗan iska ne na gaske," ba da faɗa ba, kamar mai yaba girman kifi.

Don Telmo yana ta kallon bakina. Sunan Cirilo kaɗai ya kama. Fuskarsa ta washe.

"Cirilo! Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. 'Yarsa ce dai ba ta gado shi ba. Ita ce ta ɗora ni a kan yashi da lemo, ka ji labarin? Kwana tara!"

Na sake farawa daga farko. Na kusa da shi ya riƙe mini hannun riga.

"Bar shi haka, darakta. Mu dai mun ji. Gobe ma da safe labarin da zai ba mu ke nan, jibi ma haka."

Na miƙa masa wasiƙar ya karanta. Ya juya ta, ya ce tabaransa na gida, ya sa ta ƙarƙashin kofinsa.

Na koma Arroyito da ƙafa, ko da yake akwai bas. Ta gama waken, tana zaune a wurin da na bar ta, ta sa wata rigar, ta gyara gashinta.

"Ka same shi?"

"Na same shi. Na faɗa a gaban kowa, mutum ya fi ashirin."

"Ba kowa na tambaye ka ba. Shi me ya ce?"

Ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa tana jira. Shekararta hamsin da takwas a lokacin.

"Ya ce ubanki mutumin kirki ne," na ce. "Ya ce a gaishe ki."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi ta ɗauki kwanon waken.

"Gaishe ni," ta ce. "To, na amsa. Ka ja mini ƙofar in za ka fita, kare na shigowa."